Hatimin Likita

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na rubuto ne don in na kira ki ba kya bari in kai ƙarshen magana.

Na yanke shawarar shiga gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu, nan da wata bakwai. Kar ki yi dariya. Kullum kafin in buɗe shago sai na zagaya filin makarantar bayanmu sau shida, har tumbin nan da kike tsokana ya fara sauka. Sai dai masu gasar ba sa rajista sai da takardar likita. Tunda a asibiti kike aiki, ki sa wani likitanku ya buga min hatimi kawai. Ɗinki ya yi min yawa, ba ni da lokacin bin layi.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, yara na gaishe ka. Ban yi dariya ba.

Wane layi? Kai da kake wuni guda kana hira wajen mai gyaran keken ɗinki? Matarka ta gaya min makon jiya ta tarar da kai zaune a bakin titi, dafe da ƙirji, ka ce mata igiyar takalmi kake ɗaurawa. Baba yana da shekara arba'in da huɗu ya faɗi a kan matakala, ni na tallafe kansa har ya cika. Kai watan gobe za ka kai shekarunsa. Ka ɗauka ban iya lissafi ba?

Ba hatimi sai an gwada zuciyarka. In kuwa ka sayo takardar bogi, wallahi da ƙafata zan je wurin masu gasar.

Allah ya tsare,
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yayyaga wasiƙarki don haushi, daga baya na tsince ta na liƙe.

Gaskiya tsoro nake ji. Tun farkon shekarar nan, in na hau matakala ƙirga su nake yi. Na ce a raina in na iya gama gudun nan, to zuciyata ba irin ta Baba ba ce. Gudun zan iya daina shi duk inda na ga dama, amma abin da likita ya faɗa ya faɗu. Kuma ba sau ɗaya ba ne abin da matata ta gani. Sau uku ne, kar ki gaya mata.

Ki yafe min,
Auta

Autana,

Sannu. Talata ƙarfe tara, ɗaki na biyu a hannun dama. Na sa sunanka, ba layi. Ba ni da aiki ranar, amma in kana so zan zo.

Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Na hana ki zuwa, na je ni kaɗai. An manna min wayoyi a ƙirji, likita ya daɗe yana kallon takardar, ya kira wani suka kalla tare. Ya ce kar in sake gudu sai mun zauna, in dawo Litinin da wani nawa.

Takalman gudun suna nan bakin ƙofa, ban mayar da su kwalinsu ba. Don Allah ki zo.

Ƙaninki,
Auta