Hasken da ya ɓoye tagullar Bida

Daren Laraba

Yau Malama ta kai mu gidan tarihi. Rufin zauren duk gilashi ne, rana tana zubowa kai tsaye. Wata ma'aikaciya tana zagayawa da 'yar na'ura tana auna haske, ta ce komai daidai yake.

Ni kuwa da na tsaya gaban akwatin kwanukan tagulla na Bida, waɗanda Kaka take yawan ba ni labarinsu, ban ga komai ba sai ƙyalli, har idona ya kawo ruwa. Zainab ta ce, "Gajeriya, a kawo miki kujera ne?" Aka yi dariya.

Na so in yi shiru kamar kullum. To amma me zan faɗa wa Kaka? Sai na ce a hankali, "Anti, daga nan ba a gani."

Ta durƙusa daidai tsayina, ta runtse ido. "Gaskiyarki, ƙanwata. Duk a tsaye muka auna." Ta ɗaga littafinta ta tare min ranar, na ga zanen kowane kwano.

Kaka ta sa na maimaita labarin sau biyu. Maganar Zainab kam ban faɗa mata ba.