Ƙoƙo a Kife

Zogbeli, Tamale
Janairu, 1957

Zuwa ga Yayata Abibata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Salaga. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso gare ni, cewa idan 'yata Sala ta haihu a kira wani wanzami ya yi askin suna. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ni da na aske rabin kawunan Zogbeli, a ce jikana na fari sai baƙo? Amma da na dubi hannuna na ga ba sharri kika yi mini ba. Da safe rawa yake yi, ba ya tsayawa sai na leƙa gidan fito, giyar dawar nan.

Akwai wani Akwasi, akawu ne mutumin kudu, benci ɗaya muke zama a can. Ya daɗe da ɗauke ƙafa. Shekaranjiya ya zo aski, na sunkuya a kansa ban ji warin komai ba sai sabulu. Da na matsa masa ya ce akwai waɗanda suka bar sha, suna haɗuwa ran kasuwa bayan la'asar. Ya ƙi faɗin gidan, wai sun yi alkawarin rufa wa juna asiri. Ya ce in nemi ƙofar da aka kife ƙoƙo a kanta, kamar yadda mashayi ke kife nasa idan ya ƙoshi.

Yaya, wane gida ne a Tamale ba a kife ƙoƙo ya sha iska? Na yi ta sallama gida-gida har wata tsohuwa ta ɗauka yunwa ce ta fito mini da tuwo. Na ci, kuma ban fasa nema ba.

Ki gaishe da kowa.
Ƙaninki, Masahudu

Zogbeli
Maris, 1957

Yaya Abibata,

Gaisuwa da fatan alheri. Barkanmu da arziki, Sala ta sauka lafiya, namiji.

Na sami mutanen. Ashe shagon Fuseini kafinta ne a bayan tashar lori, kuma nasu ƙoƙon da ƙusa aka kafe shi. Akwai masu salla, akwai masu zuwa coci. Ba mai wa'azi. Koko muke sha, kowa ya faɗi yadda ya kwana da abin. Ran bikin 'yancin kai gari ya cika da ganguna, fito kamar ruwan rijiya, mu kuwa muka yini a shagon muna taya Fuseini goge katako.

Abin da ban sani ba, idan mutum ya daina, rawar hannun ƙaruwa take yi kafin ta ragu. Don kada in manta sana'a, su da kansu suke miƙo mini kawunansu. Kan Akwasi yanzu kamar gonar da kaji suka tona, yana zuwa ofis da hula.

Suna jibi ne a Gbalahi, garin mijin Sala. Na san ƙoƙo ɗaya da safe zai tsayar da hannun nan cak, in yi askin ba wanda ya gane. Ina jin tsoron kaina ƙwarai. Na gaya musu a shago, Akwasi ya ce zai raka ni tun daga ƙofar gida. Ki sa ni a addu'a.

Naki, Masahudu

Zogbeli
Yuni, 1957

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar shirun da na yi. Yaya damina a wajenku?

An raɗa wa yaro Zubeiru, sunan Babanmu. Ban sha ba, kuma ban yi askin ba. Na ɗauko askar na ga tana kaɗawa, sai na miƙa wa Mutaru wanzami a gaban jama'a. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abu ɗaya na roƙe shi, ya bar mini ɗan zanko a ƙeya. Mata suka yi ta dariya, wai kaka ya kawo sabon yayi. Sala ba ta yi dariya ba, kuma ta hana kowa taɓa gashin nan har wata uku.

Juma'ar da ta wuce na je gidan Sala. Na miƙa mata hannuna kawai ta duba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora mini yaron a cinya ta tafi ɗebo ruwan ɗumi, ba ta ko waiwayo ba. Na aske zankon, Zubeiru bai farka ba. Ni ne na yi kukan.

Sha'awar abin ba ta mutu ba, shi ya sa ran kasuwa ba ta wuce ni. Idan kin zo za ki ga ƙoƙo a ƙofata, kada ki cire, da ƙusa yake. Jiya wani ya tsaya yana kallonsa, na shimfiɗa masa tabarma.

A gaishe da maigida da yara. Allah ya sada mu da alheri.
Ƙaninki, Masahudu Wanzami