Kada Ki Tsallako, Hureira

Zuwa ga Hureira, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata,

Mahaman direba ya kawo albishir: 'yarmu Ruƙayyatu ta sauka lafiya, namiji! Na yi sujada, na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. To, kin yi sabon ango, an yar da tsoho! Amma hannun nan da ya koyi rubutu da furfura a ajin yamma ba murna kaɗai zai rubuta miki ba. Tun safe sojojin bore suke harbi wajen Titin Koudoukou da ke tsakaninmu, ga shi Mahaman ya ce kin rantse sai kin tsallako daga unguwar Miskine da jariri, a yi suna a gidana.

Kin tuna ranar da kika shigo da tsiron hamadar nan, mai kama da tulu, jikinsa duk ƙaya? Na yi miki tsiya, na ce ko akuya ba za ta dube shi ba. Kika dasa shi a tukunya cikin yashi da tsakuwa, kika ja tukunyar ƙarƙashin rumfa don kada daminar Bangui ta kashe shi, kika hana ni shayar da shi.

Da kika tafi jiran haihuwar Ruƙayyatu, na rasa wanda zan yi wa hidima. Sai na koma yin alwala a bakin tukunyarsa, ina kallonsa kamar ke nake kallo. Yau na taɓa gindinsa, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar gwanda! Na tono shi, na yanke ruɓar, na barbaɗa toka, na ajiye shi a inuwa. Ban sani ba ko zai tashi.

Hureira, tsoro ya kama ni. Ashe son da ba shi da haƙuri yana kisa? Ba ni ne na yi ta aiko miki cewa gida ya yi mini faɗi ba? In kika fito saboda kukana, kika ci karo da masu harbin nan a shingen hanya, me zan ce wa Allah? Me zan ce wa Ruƙayyatu?

Don Allah kada ki zo. A raɗa wa yaro suna a can, ragon kuwa ni zan yanka shi a nan. Zan jure ƙishinki har bindiga ta yi shiru. Butata ma na ɗauke ta daga rumfar.

Naki ne ni, har ranar da za a yayyafa ruwa a kabarina,
Alhasan