Tayoyin Motar Kawu Audu

Jega Firchin

Zuwa ga Ɗan Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da A'isha da yara. Mu nan sai godiya.

Na ji an yaba maka a bariki, wai ka rage wa sojoji kuɗin gyaran motoci. Kowa na yi mini barka, ni kuwa ban amsa ba tukuna. Ranar da na je Aliero na ga motar albasar kawunka Audu da tayoyi masu kaurin da ban taɓa gani a motar farar hula ba. Ya ce kai ka aiko. Sai ga Gudiya maƙwabciyata da hawaye, wai tayar motar da ɗanta Naziru ke tuƙawa ta fashe suna sintiri a daji, da ƙyar suka tsira daga ɓarayi. A garejinku ake gyara ta.

Ban ce kai ne ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ka amsa mini.

Mahaifiyarka,
Hajara

*

Zuwa ga Ɗan Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan zazzaɓin A'isha ya sauka.

Amsarka ta iso. Ka ce tayoyin an riga an yar da su, gwanjonsu ka saya. To, in lafiyarsu ƙalau, me ya sa aka cire su aka bar ɗiyan mutane kan tayoyi masu faci? In kuwa matattu ne, ashe ƙanena ka ɗora a kansu da buhunan albasa? Zaɓi ɗaya, babu mai daɗi. Tattali halin kirki ne, amma ba da ran wani ake yinsa ba.

Na sa Audu ya kwance su. Suna zaure, ka aiko a ɗauka.

Ƙanenka Zayyanu ya gama horo, kuma rundunar su Naziru aka tura shi. Motocin da ka ɗaure wa tayoyi zai hau.

Tun da na haife ka bakina bai taɓa kama sunanka ba, don kunyar ɗan fari. Yau na ajiye ta. Sirajo, ka ji tsoron Allah. Sirajo, ka duba kowace taya da hannunka.

Mahaifiyarka,
Hajara