Tsarabar da Na Kawo wa Baba Naman Alade Ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku zage ni, abin da ke cina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikaci ne a Dutse, mahaifina kuma limami ne a wani ƙauye ta wajen Ringim, mutumin da ko naman biki ba ya ci sai ya san wanda ya yanka. Bara aka tura mu kwas Malesiya. Wata rana bayan la'asar na ratsa wata kasuwar bakin titi, ƙamshi ya daki hancina, na ga wata tsohuwa tana gasa nama falle-falle, ja jawur, sak kilishi. Na saya na ɗanɗana, ga zaƙi ga taushi. Tambaya? Ban yi ba. Ƙasar da nake jin kiran salla ta ko'ina, me zan tambaya? Kwaɗayi mabuɗin wahala, ranar dawowa har na sa aka ɗaure min ƙunshi guda na tsaraba.

Da na ajiye gaban Baba, sai ya dube ni ya ce, "Ka tabbata yankan Musulmi ne?" Ni kuma don kada a ce na je ƙasar waje na dawo da shirme, na ce, "Wallahi Baba, a gabana aka yanka." Ya yi bisimilla ya ci. Ya miƙa wa ladan, ya aika wa Inna cikin gida, ya sa min albarka.

Makon jiya nake nuna wa abokin aikina da muka yi tafiyar tare hotuna a waya. Yana ganin rumfar tsohuwar nan ya dafe kai. "Kai, ba dai wannan ka ci ba? Ai alade ne!" 

Abin da ya fi tsorata ni, abokin nan zai koma can wata mai zuwa, kuma Baba ya ji labari. Ya kira shi da kansa ya ce ya taho masa da kilishin nan mai taushi, wanda ba ya wahalar da haƙori. Abokina ya ce shi ba zai yi wa malami ƙarya ba, ko in faɗa kafin Juma'a, ko shi ya faɗa.

Na san wanda ya ci bisa rashin sani ba shi da laifi. To ni da na rantse fa? Baba yana da hawan jini, ina tsoron ya yanke jiki ya faɗi, ina tsoron bakinsa. Da wane ido zan dubi mutumin da ya ci don ya yarda da rantsuwata?

Jibi ne Juma'a. Don girman Allah, me zan yi?