Ƙorafi Kan Tankin Alhaji Wahabu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Tsabta,
Ofishin Magajin Gari, Sokodé.

Daga Djibril Kaka, mahauci, Zongo.
14 ga Mayu, 2024.

Game da: dalma a ruwan shan gidan haya

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa:

1. A watan Janairun bara muka yi musabaha da mai gidanmu, Alhaji Wahabu, mazaunin Dapaong, a kan cewa zai sa mana tanki da famfo, mu kuma mu yarda ya rufe rijiyar gidan ya gina shago a kanta. Ya gina shagon da gaggawar da ban taɓa gani a wurinsa ba.

2. Tankin da ya kawo tsoho ne, duk huji. Wanda ya liƙe shi Karim ne, mai gyaran lagireto a tasha, da dalmar da ya narkar daga matattun batura. Ba na zargin Karim. Yadda yake yi wa tirela haka ya yi mana, kuma tirela ba ta taɓa kai ƙararsa ba.

3. Jikata Zalia, 'yar shekara uku, ta daina cin abinci, cikinta na murɗawa, maganar da ta fara yi kuma ta ɗauke. Ranar 2 ga Afrilu likita ya ce dalma ce a jininta, daga ruwa. Ni da na ce wa uwarta ta riƙa tafasa ruwan, likita ya ce tafasawa ba ta fitar da ita.

4. Ranar 20 ga Afrilu Alhaji ya zo duba shagonsa. Na miƙa masa ruwan maraba daga famfon, kamar yadda ake wa kowane baƙo. Ya ce yana azumin nafila. Ranar Asabar ce, ranka ya daɗe, kuma da goro a bakinsa.

Don haka ina roƙo a turo a auna ruwan, a sa Alhaji ya cire tankin, ya samo mana ruwan sha har a gama. A kuma tambayi Karim sauran gidajen hayar da ya yi wa aiki, don ya ce suna da yawa.

A wannan ciniki Alhaji ya samu shago, Karim ya samu suna. Mu mun rasa rijiya, Zalia kuma har yau ba ta sake kirana da baki ba.

Ina jiran adalcinku cikin ladabi.

Naku mai biyayya,
Djibril Kaka