Ruwan da Madam Ta Zuba wa Khairat

Zuwa ga Yaya Mukhtari a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a bakin aikinka. Mu nan Boɗinga lafiya lau muke. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, har da gudu, kamar yadda za ka ji.

Na samu saƙonka cewa in cire 'yarka Khairat daga makarantar Kiristocin nan ta Madam Rifkatu, 'yar Numan. Wallahi raina bai so ba, don yarinya ta fara karatu tiryan-tiryan. Na san Kawu Mode na Kajiji ne ya buga maka waya cewa an yi mata baftisma, to ga yadda aka yi.

Ranar Talata Khairat ta dawo kanta sharkaf, ta ce Madam ce ta kama ta, ta kwara mata ruwa a ka. Inna ta saki salati, ta ce shi ke nan, an mayar mata da jika Kirista. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta haye babur, ni ina biye da mayafinta. Tun daga ƙofar makarantar take neman wadda ta yi wa jikarta wankan coci.

Madam ta ba ta kujera, ta bar ta ta sauke faɗanta. Sannan ta ce kullum da azahar takan kora yaran Musulmi su yi salla bayan Malam Maniru, mai koya musu addini. Ranar nan ta leƙo, ta ga 'yarka ta wanke fuska da ƙafa kawai ta ruga sahu. Ta ce ita cikin Musulmi ta girma, ta san babu alwala ba shafar kai, shi ya sa ta jawo ta, ta zuba mata ruwa a ka. Ta amsa cewa haushi ya sa ruwan ya yi yawa.

Yaya, kunya ta kashe ni. Inna kuwa ta juya kan Khairat, har sai da Madam ta yi ceto.

Don Allah ka bar ta a can. Yanzu a duk gidan nan mutum ɗaya ke goyon bayanka a cire ta, ita ce Khairat ɗin, wai sallar makarantar ta yi mata yawa.

Inna da Basira suna gaishe ka. Ka gai da Anti Zulai da Faruk.

Ƙanwarka,
Sadiya